Naman Layya: Rago Muka Turke, Kada Mu Turke Kanmu

Duk shekara, idan Babbar Sallah ta wuce da kamar mako biyu, wayoyin da ake bugo mini a filin da nake gabatarwa a rediyo sukan sauya. Gaisuwar barka da Sallah ta ja baya, koke-koke su shigo. Wannan ta ce kwana huɗu ke nan ba ta zaga ba, cikinta ya yi tauri kamar ganga. Waccan ta ce kanta ke sarawa daga ƙeya, ga bugun zuciya. Wani alhaji ya ce babban yatsan ƙafarsa ya kumbura, takalmi ya ƙi shiga. Akwai ma wadda ta bugo tana dariya, wai rigar da tela ya ɗinka mata ta Sallah yanzu sai da taimakon ƴarta take fita daga jikinta. Ni dai ba likita ba ce, aikina magana da tambaya, to amma yawan jin abu guda daga bakuna daban-daban ya sa na zauna na yi tambayoyi na kuma yi karatu.

Abin da na fahimta shi ne, laifin ba na ranar Sallah ba ne. Yini guda ko biyu na cin nama ba ya ƙara wa kowa teɓa. Matsalar tana cikin makonnin da ke biyo baya, lokacin da baƙi sun watse, an koma kasuwa, amma tukunyar soye tana nan a ƙuryar ɗaki tana jiran mai ita.

Duk macen da ta taɓa kiwon turka a Madawa ko Buza ta san sirrin sa rago ya yi ƙiba. Ki sayo shi ramamme a Tunfafi ko Tabotaki, ki ɗaure shi a inuwa, ki hana shi yawo, ki riƙa tura masa dusa da harawa da ɗan gishiri ko kanwa. Cikin wata uku ko huɗu balamin nan ya zama abin kallo, dillalai na rububinsa. To, a gafarce ni, mu dubi zaman da muke yi a rumfa. Tun hantsi mutum yana kan tabarma ko benci har la'asar sakaliya, ga inuwa, ga masu talla na wucewa da fanke da ƙosai da tsire, ga shayi ana zagayawa da shi, in an tashi kuma kabu-kabu ya kai mutum har ƙofar gida. Idan aka ɗora naman layya na wata guda bisa wannan zama, me ya rage a cikin dabarar turka da ba mu yi wa kanmu ba?

Daga bakin wuta zuwa tukunya

Kowa ya san yadda ake yi a nan ƙasarmu. An sauko daga idi, an yanka, an feɗe, maza sun gicciye raguna a jikin itatuwa sun jera su gefen babbar wuta, su yini suna juyawa. Mata kuma suna can da kayan ciki, hanta da ƙoda da tumbi da hanji, su ne abincin ranar farko. Washegari a sassare, yara su fita da kwanuka gida-gida.

Wannan gashi namu na gargajiya, a gaskiya, ba abin zargi ba ne. Rago ya yini a gefen wuta kitsensa na narkewa yana ɗiga, abin da ya rage tsoka ce. Inda lissafi ke rikicewa shi ne rana ta biyu da ta uku, sa'ilin da ake yanyanka naman nan a sake jefa shi cikin mai, wani lokaci ma cikin kitsen da wuta ta riga ta raba mu da shi. Dalilin a bayyane yake: yawancin gidaje ba firji, inda yake akwai kuma wutar lantarki ba ta da tabbas, ga Sallah a shekarun nan tana faɗowa cikin zafi, ta 2025 ma a farkon watan Yuni aka yi ta. Suya hanya ce ta adana nama, ba wanda zai ce a daina. Amma naman da aka soya ƙarau ya rasa ruwansa ya sha mai, ya ƙanƙance, shi ya sa mutum zai ci tsoka shida yana ganin bai ci komai ba. Masana abinci sun ce kowane giram na mai ko kitse yana ɗauke da kalori 9, wato ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki, alhali giram na hatsi ko sukari bai wuce 4 ba. Babban cokali guda na mai ya kai kalori 120. Sai ki ƙirga cokali nawa ne a cikin ludayin kakiden da ake zubawa bisa shinkafa ko taliya har Sallah ta yi wata guda.

A shekara ta 2000 wasu likitoci a Amurka sun wallafa wani bincike da suka yi kan mutum 195, inda suka riƙa auna nauyinsu kafin bukukuwan ƙarshen shekara da bayansu. Abin da suka gano ya ba mutane mamaki ta fuska biyu. Na farko, ƙarin bai kai yadda jama'a ke zato ba, bai ma cika rabin kilo ba ga yawancinsu. Na biyu kuwa, wanda ya fi muhimmanci, shi ne wannan ɗan ƙari bai sauka ba har shekara ta zagayo, kuma waɗanda dama suna da jiki sun fi samun ƙari mai yawa. Su ke nan da lokacin biki guda a shekara. Mu muna da watan azumi da kununsa da soye-soyensa, muna da Ƙaramar Sallah, muna da Babba, ga bukukuwan aure da ke biyo bayan kaka ko bayan an sayar da albasa, ga suna, ga walimar alhazai. Ko da rabin kilo ne kacal ke maƙalewa duk shekara, wadda ta fara kasuwa tana da shekara 25, kafin ta kai 45 ta ɗauki kilo 10 ba ta san ranar da suka hau ba.

Ƙiba da mutunci

Na san wannan magana ba ta da daɗin ji a wurinmu. Mun taso mun tarar idan mace ta yi jiki ana cewa ta samu hutu, mijinta na kula da ita, kasuwa ta karɓe ta. Idan ta rame sai a fara tambaya ko lafiya, ko kishiya ce ta hana ta sakat. Wanda ya ga yunwar 1984 ko ƙarancin abincin 2005 da idonsa ba za a yi saurin gamsar da shi cewa ƙiba na iya zama cuta ba, kuma ban ga laifinsa ba. Sai dai jiki ba ruwansa da kirarin da ake masa. Kitsen da ke taruwa a ciki, ba wanda ke cinya ko ƙugu ba, shi ne ke tafiya da ciwon sukari da hawan jini, wanda muka fi sani da tansiyo. Ga kuma gwiwoyi, waɗanda su ne ke fara kuka. Hajiyoyi nawa muka sani da yanzu sallah sai a zaune, hawa motar kasuwa sai an tallafa musu, alhali shekarunsu ba su kai na tsufa ba? Ƴar kasuwar da gwiwa ta kayar, ko ɓarin jikinta ya shanye, ba lafiya kaɗai ta rasa ba. Rumfa ta koma hannun yara, bashin da take bi ba mai karɓo mata, jari kuma ya tafi sayen magani.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne ƙwayoyin sa ƙiba da ƴanmata da amare ke saye a hannun masu tallar magani idan Sallah ta gabato, don su cika sabon ɗinki. A maƙwabta ana ce musu sha-ka-fashe, sunan kaɗai ya isa gargaɗi. Wasu maganin ƙaiƙayi da mura ne da ke buɗe ciki ya sa barci. Wasu kuma, irin su dekisametazon, magunguna ne masu ƙarfi da likita ke bayarwa don wasu cututtuka na ɗan lokaci. Wanda ya daɗe yana shan su, fuska ta kumbura ta yi zagaye, ciki ya fito, ƙafafu su sirance, jini ya hau, sukari ya hau, ƙashi ya yi rauni. Wannan ba ƙiba ba ce, kumburi ne. Wadda ta riga ta daɗe tana sha kuma kada ta yanke rana ɗaya da kanta, domin yin haka ma yana da haɗari, ta je likita a rage mata sannu a hankali.

Ga wani gwaji da ba ya buƙatar sikeli ko kuɗi. Ki samu zare ko igiya, ki auna tsawonki daga ƙasa zuwa tsakar kai, ki yanke, ki ninka biyu. Sai ki zagaya cikinki da shi dab da saman cibiya, ba tare da kin shanye numfashi ba. Idan bakin zaren biyu sun haɗu, madalla. Idan sun ƙi haɗuwa, to faɗin cikinki ya wuce rabin tsawonki, kuma likitoci na ɗaukar wannan alama ce ta cewa kitsen ciki ya fara yawa. Maza ma haka, babbar riga ba ta ɓoye wa zare komai. Mai juna biyu wannan gwaji bai shafe ta ba. Ki yi shi kafin Sallah, ki ajiye zaren a cikin adaka, ki sake bayan wata guda.

Gishiri, dunƙule da lemun kwalba

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin da babba ke ci a yini ya kai giram 5, wato ƙaramin cokalin shayi guda, a haɗa da wanda ke ɓoye cikin komai. Mu kuwa a tukunyar Sallah gishiri daban, dunƙule daban, alhali dunƙulen nan kusan rabinsa gishiri ne. Yajin da ake dangwala nama an daka shi da gishiri da dunƙule. Kanwa ma danginsu ɗaya. Ba na ce a ci lami ba. Amma Allah Ya hore mana albasar da ake ɗauka daga kwarin Tarka da Magiya har Abijan da Ankara, muna da tafarnuwa da citta da masoro da kimba da daudawar batso. Idan waɗannan sun ji a miya, dunƙule biyu sun isa inda a da ake jefa biyar. Harshe na sabawa cikin ƴan makonni, na gwada a gidana, ƙorafin bai wuce kwana goma ba.

Haka kilishi, abin alfaharin Madawa, wanda matafiyi a kan babbar hanyar Yamai zuwa Damagaram ba ya wucewa bai saya ba. Tsoka ce zalla ba kitse, wannan abin yabo ne, amma busasshe ne mai gishiri da tunkuza, falle guda da ake cinyewa ana hira nama ne mai yawa kafin ya bushe. A ci shi a matsayin tsaraba, ba a matsayin abincin rana ba.

Sukari kuwa ba a cin sa, shan sa ake yi, shi ya sa ba a lura. Kwalbar lemu ta santilita 33 tana ɗauke da sukari kimanin giram 35, wato ƙwaya bakwai na sukarin kwali. Hukumar da na ambata ta ce kada babba ya wuce kamar giram 50 a yini, in ma zai iya tsayawa a 25 ya fi. Yanzu ki tuna yawon Sallah: gida biyar kika shiga, ko'ina an dire miki kwalba da cincin da dubulan, ƙin sha kuma ya zama raini. Dabarar da wata goggota ke yi ita ce ta nemi ruwa tun daga sallama, ta ɗauki tsoka guda ta sa albarka, kwalbar kuma ta ce a ba yara su raba. Ba wanda ya taɓa fushi da ita. Zoɓo da lemun tsamiya da na citta da muke haɗawa a gida sun fi, matuƙar mai haɗawa ba ta juye rabin kwalin sukari a ciki ba. Ku kuma alhazai masu shayi na ɗaya da na biyu da na uku safe da yamma, ku taɓa ƙirga ƙwayoyin da ke shiga butar nan a yini, za ku sha mamaki.

Game da naman kansa, masu binciken cutar daji na duniya suna ba da shawarar kada jan nama dafaffe ya wuce rabin kilo a mako ga mutum guda. Na san a makon Sallah wannan magana sai dai a yi murmushi. To a bar wa Sallah kwanakinta uku, a ci a gode wa Allah. Daga rana ta huɗu nama ya koma matsayinsa na mahaɗi: tsoka biyu ko uku a cikin miyar kuka ko kuɓewa ko yakuwa, a tsame shi daga mai tukuna, ba a cika kwano da shi ana ci kamar gyaɗa ba. Kashin da ke ƙin fita bayan Sallah kuwa dalilinsa a fili yake, nama ba shi da ɗussar da ke tura abinci a hanji. Maganinsa na nan a kasuwa da araha: kwaɗon zogale ko rama, dambu mai ganye, wake, kabeji, salati, yalo, tuwon gero, da ruwa mai yawa. Abin ban dariya, mai sayar da ganyen ita ce sau da yawa ba ta ci, ta sayar ta sayi fanke.

Alhajin nan mai kumburin yatsa, ciwon da ya kwatanta ya yi kama da wanda ke tasowa idan wani sinadari ya taru a gaɓɓai, kuma kayan ciki da yawan jan nama da lemun kwalba na cikin abubuwan da ke tayar da shi. Mai irin wannan ya bar hanta da ƙoda ga wasu.

Ƙafa ma tana da haƙƙi

Iyayenmu na Keita ba su san wani abu wai shi motsa jiki ba. Lokacin da aka fara babban aikin farfaɗo da ƙasa na Keita a 1984, da tallafin Italiya da hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya, mata ne suka fi yawa a filin aiki, su ne suka ɗauki duwatsu a ka suka jera a kan tuddai, aka dasa miliyoyin itatuwa. Wahala ce ta sa, ba wanda ke fatan ta dawo. Amma ƴaƴansu da jikokinsu da Allah Ya buɗa wa, suka samu injin niƙa da famfo da babur, jikinsu irin na iyayen ne, wanda ya saba da aiki. An rage aikin, ba a rage kwanon ba, an ma ƙara masa mai.

Abin da ake nema ba shi da yawa: minti 150 a mako na tafiya mai ɗan sauri, wato rabin awa sau biyar. Rabin awar nan kusan kwalbar lemu guda take ƙonawa, kin ga ke nan tafiya ba ta biyan bashin ciki duka, amma tana saukar da jini da sukari ko da nauyi bai ragu ba. Yawon Sallah a cikin gari a yi shi a ƙasa da sanyin safiya ko bayan la'asar. A rumfa kuma, maimakon a aiki yaro canji ko ɗebo ruwa kowane lokaci, a miƙe a je da kai. Ba zubar da girma ba ne.

Inda naman ya fi amfani

Malamai sun koya mana a kasa naman layya, a ci, a yi kyauta, a yi sadaka. A ganina babu dabarar kare jiki da ta kai wannan, domin naman da ya fita gida ba zai zauna a cikin mai gida ba. Sai dai mu faɗi gaskiya, rabon namu sau da yawa musaya ce tsakanin masu hali: cinya ta fita zuwa gidan alhaji, cinya ta dawo daga gidan alhaji. A wannan yanki namu da ƙungiyar likitoci ta MSF ta shafe shekaru tana jinyar yara masu tamowa a Madawa da Buza bayan 2005, akwai gidajen da wannan nama magani ne a gare su. Yaron da aka fara ba abinci daga wata shida, ɗan nama ko ƴar hanta da aka dafa ta yi laushi aka murje masa a kunu ko fate tana ba shi sinadarin ƙarfe da ke ƙara jini. Mai ciki da mai shayarwa su ma sun fi mai gida buƙatar tsoka, sai dai mai ciki kada ta yawaita hanta. A gidaje da yawa kuwa akasin haka ake yi, babban kwano na mai gida ne da baƙinsa, yara sai ƙashi da romo.

A kula kuma da ajiya. Dafaffen nama mai romo da ya wuce awa biyu a ajiye cikin wannan zafi, a sake tafasa shi sosai kafin a ci. Wanda ya sauya wari ko ya yi yauƙi a zubar, kada a ce asara, kuɗin jinyar gudawa ya fi shi. Yaron da zawo ya kama a fara ba shi ruwan gishiri da sukari na likita tun a gida, a kuma kai shi.

Masu hawan jini da ciwon sukari, ku ne Sallah ta fi yi wa barazana. Kada hidima ko tafiya ta sa a tsallake magani, a tanade shi tun kafin kantuna su rufe. Hawan jini sau da yawa ba ya ciwo, mutum na yawo da shi bai sani ba, don haka duk wanda ya haura shekara 40, ko zaren nan ya ƙi zagaya shi, ya je a auna shi a gidan likita mafi kusa ko asibitin gunduma na Madawa, Buza ko Keita. Awon ba ya cin minti biyar. Idan aka samu 14 bisa 9 ko sama da haka a ranaku daban-daban, to akwai magana. Idan kuwa ana zaune aka ga bakin mutum ya karkace, ko hannu guda ya saki, ko magana ta sarƙe masa, kada a tsaya shafa mai ko jiran gari ya waye, kuma kada a ɗura masa komai a baki. A nemi mota a nufi asibiti nan take, a kuma riƙe lokacin da abin ya fara, domin shi ne abu na farko da likita zai tambaya.